Gashin Wutsiyar Karen Manga

Talata, 16 ga Mayu 1995, biyar na yamma

Karen maƙwabcinmu Manga ya ciji 'yata Ƙauna a sharaɓa. Ina makaranta abin ya faru. Da na dawo na tarar Baba ya ɗaure mata ƙafar da tsumma, tana zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa kamar ba ita ba. Na kwance tsumman, na wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har ta gaji da kuka ta koma harara ta. Haƙora biyu sun shiga sosai.

Mabel, matar Manga, ce ta ba ni labari ta kan katanga. Yarinyar ta fito zubar da shara, karen ya taso daga gindin mangwaro, ba haushi ba komai, ya kama ta. Baba ne ya yar da fartanya, ya shaƙo wuyansa ya ɓamɓare shi daga ƙafarta. Mutumin da ya haura saba'in. Na ce masa sannu, ya ce in yi wa jikarsa, shi me ya yi.

Karen nan tun yana ɗan kwikwiyo muke tare a unguwar Sintali, ko kallon banza bai taɓa yi wa kowa ba. Abin da ban so ba ke nan. Na je na sami Manga na ce a ɗaure shi, a ba shi abinci da ruwa, a zuba masa ido kwana goma. In ya wuce su lafiya mun huta. In haukan kare ne, zai nuna. Ya ce, "Ba damuwa, Malama." Na maimaita masa kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Gobe zan fara darasin RNA da 'yan aji biyar. Ban shirya komai ba.

Laraba, 17 ga Mayu, kafin in fita

Babu kare. Igiya ce kawai a jikin mangwaro.

Manga ya fito yana goge baki. Ya ce, "Malama, kare da ya fara cizo ba a barin shi ya kwana biyu. Zai daina ci, zai rame, masu nama ba za su karɓa ba. Tun asuba sun zo sun ɗauka."

Na ce ina kan? Da ko kan aka bar mini, da an aika cibiyar binciken dabbobi ta Vom an duba ƙwaƙwalwar.

Ya ce, "Yanzu kam yana cikin tukunya."

Bai ga laifinsa ba. Haka ubansa yake yi, haka kowa yake yi a layin nan, kuma a ganinsa taimakona ya yi da ya raba mu da mugun abu. Na juya na tafi, don abin da ya zo bakina ba na malama ba ne.

Laraba, da yamma

Lucy ta biyo daga aiki da kayan nas a jikinta. Tare muke cikin mawaƙan coci. Muka zauna a baranda, Baba yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Ta duba ƙafar ta ce tunda ba kare, ba jira, gobe a fara allura, kullum a gefen cibiya, sannan na ƙari daga baya. Ta ce a firjinsu ta mutum ɗaya ce cak ta rage, kuma ba wanda ya san ranar da wata za ta iso.

"Ki gode wa Allah mutum ɗaya ne. Da biyu ne sai dai a raba, a bar sauran ga addu'a."

Na gode wa Allah. Na aika wa Tobiya, baban Ƙauna, saƙo ta hannun direban motar Gembu.

Baba ya naɗe hannun dama da ƙyalle. Ya ce fartanya ce ta kama shi lokacin da ya yar da ita. Lucy ta ce ya kawo ta wanke, ya ce shi da fartanya sun saba tun kafin a haifi uwarta.

Alhamis, 18 ga Mayu, lokacin tara

An yi ta farko. Baba ya ce shi zai riƙa kai ta a keke, in daina rasa darasin safe. Na yarda.

Na fara RNA. Layi biyu manhaja ta ba shi.

Asabar, 20 ga Mayu, da rana

Mabel ta shigo aron turmi, bakinta ya kufce. Wai ranar Laraba da asuba, kafin masu nama su tafi da karen, Baba ya je ya roƙi a yanko masa gashin wutsiya. Na san me ake yi da shi. Ƙonawa ake yi a shafa tokar a kan cizon, haka ake yi a ƙauyenmu tun ina yarinya.

Na kira Ƙauna na kwance bandejin, na duba a rana. Ba toka. Duk da haka na je na tsaya a kansa yana cin dafaffiyar masara, na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Baba, na roƙe ka, kada ka kuskura ka sa wa yarinyar nan toka a ciwo. Ba a ƙauye muke ba."

Ya ce, "Ban sa mata ba."

Na ce kuma kada ka sa.

Ya ce, "To, Malama." In yana so ya tsokane ni haka yake kirana. Ya ci gaba da cin masararsa da hagu.

Litinin, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Tun da Mama ta rasu Baba ya dawo wurina, in zan shirya darasi a baranda sai ya jawo kujera ya ce in fara yi masa wa'azin. Yau na yi masa.

Na ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, a kowane ɗaki akwai babban littafi, shi ne DNA. Duk yadda za a gina mutum yana ciki, amma littafin ba ya fita daga ofis. In ana son a yi wani abu, sai a kwafi shafin da ake bukata a ba masinja ya fita da shi. Masinjan nan shi ne mRNA. Zai kai takardar wurin magini, wanda muke kira ribosom, shi kuma yawancin jikinsa da wani RNA ɗin aka yi shi, rRNA. Sai 'yan dako, tRNA, kowane da irin bulon da yake ɗauka, ba ya taɓa na wani. Magini yana karanta takarda haruffa uku uku, 'yan dako suna miƙo masa bulo, har a gama jera furotin. Da furotin ake yin jini da nama da gashi da duk abin da ka sani.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Shi maginin, ba ya tambaya wane ne ya aiko takarda?"

Na ce ba ya tambaya. Duk takardar da ta zo hannunsa ginawa yake yi.

Ya ce, "To wawa ne."

Na rubuta tambayar a gefen takardata. Ta fi duk wadda 'yan ajina suka yi mini bana.

Laraba, 24 ga Mayu, da yamma

Cikin Ƙauna ya kumbura kewaye da cibiya, ja ja. Ba ta yarda a ɗaura mata siket. Lucy ta ce haka yake yi.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan an tashi

Hajara, wadda ke zama a layin gaba, mai sikila, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, in masinja ya ga kuskure a littafin, ba zai gyara ba?"

Na ce a'a, yadda ya gani haka yake kwafa. Na gaya mata nata harafi ɗaya ne ya sauya a shafin jini, ta gado shi daga uwa da uba. Masinja ya kai shi haka, ɗan dako ya kawo bulon da ba shi ba, magini ya ɗora. Ciwon ƙashin da ke kwantar da ita duk damina daga nan ya taso.

Ta ce, "Harafi ɗaya kawai?" Na ce ɗaya. Ta rubuta, ta ja layi a ƙasa da rula.

Ban san ko ya kamata in faɗa mata a gaban aji ba. Ita ta tambaya.

Lahadi, 28 ga Mayu, bayan coci

An gama na kullum, an yi ta ƙari ta farko. An sa sunan Ƙauna a addu'a. Manga ya zauna a bencin baya, ya fita kafin a tashi.

Kowane abu ta yi ina kallo. In ta ƙi abinci in duba, in ta yi fushi in duba. Da gangan nake miƙa mata kofin ruwa ko ba ta nema ba, in tsaya har ta shanye. Yau ta ce, "Mama, ni ba tunkiya ba ce." Ina jin tsoro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takardar nan.

Talata, 30 ga Mayu, biyar da rabi

Wa'azin yau kan ƙwayar cuta ne. Na ce wa Baba ita ta haukan kare ba ta da babban littafi sam, RNA ce tsurarta a cikin riga. Haka ta ƙyanda, da ta shan-inna, da ta shawara, da ta Lassa. Ta ƙanjamau ma RNA ce, sai dai ita har ofis take shiga ta ƙara shafinta a littafin. Ta kare kuwa da magatakardanta take zuwa, ya yi ta rubuta takardu yana tura wa magini. Magini ya bar aikin gida ya koma gina baƙi.

Ya ce ta ina take bi.

Na ce ba ta jini ba, ta jijiya take hawa a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Allurar tana koya wa jiki ya gane rigarta ya tare ta kafin ta yi nisa. In ta riga ta isa, ba sauran magani, ko a Ingila. Shi ya sa cizon ƙafa ya fi ba da lokaci, hanya da nisa.

Ya ce, "Hannu fa?"

Na ce hannu ya fi kusa, ga jijiyoyi da yawa a cikinsa. Fuska ta fi duka muni.

Ya gyaɗa kai. Ya ce gobe zai je gona da wuri, ciyawa ta fara cin doya. Baba yana son ilimi a tsufansa.

Juma'a, 2 ga Yuni, da rana

Tobiya ya zo ya kwana biyu ya koma. Ya so ya je ya sami Manga, na hana.

Laraba, 7 ga Yuni, bayan an tashi

Mataimakin shugaba ya kira ni ofis. Ya ce ya duba, mako uku ina kan abu ɗaya, alhali akwai numfashi da narkar da abinci suna jira. Ya ce, "Madam, wannan RNA naki ba ya ƙarewa ne?" Na ce ya kusa. Da na koma aji na sake zana musu masinja da magini. Yaran sun riga sun haddace, har wasu suna zanawa kafin in juya.

An yi wa Ƙauna ta ƙari ta biyu. Saura ɗaya, sai Agusta.

Lahadi, 11 ga Yuni, da yamma

Ciwon ƙafar ya rufe. Ta yi tsalle-tsalle da 'ya'yan Mabel har magariba. Na bar ta. Na amsa gaisuwar Manga yau, da ka kawai.

Alhamis, 15 ga Yuni, shida na yamma

Ruwa sosai. Baba ya dawo daga gona a jiƙe yana murna, ya ce bana doya za ta yi. Ya cire ƙyallen hannun tun tuni, ban ma lura da ranar ba.

Na fara numfashi da 'yan aji biyar.

Litinin, 19 ga Yuni, da yamma

Baba yana susar hannu.

Talata, 20 ga Yuni, da yamma

Yana susar hannu. Ya ce kiyashi ne ke yawo a ciki har gwiwar hannu. Na ce ƙila sanyin damina ne, na ba shi man zafi. Na gyara takardun gwaji na aji huɗu, rabinsu ba su san bambancin jijiya da tsoka ba. Gas ya ƙare, na hura gawayi. Ƙauna tana son a yi mata kitso irin na 'yar Mabel.

Laraba, 21 ga Yuni, da safe

Jikinsa da zafi, bai je gona ba. Na kawo masa maganin zazzaɓi, da ya miƙo hannu ya karɓa sai na riƙe hannun na juya shi. Bai ja ba.

Tabo biyu a bayan hannu, tabo biyu a tafi, suna fuskantar juna. Na girma a gona. Na san abin da fartanya take bari.

Na sake shi. Na tafi makaranta, na koyar da darasi huɗu.

Laraba, da yamma

Ranar nan ya ce bai sa mata toka ba. Gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 22 ga Yuni, da rana

Ban je aiki ba. Na shiga gidan Manga ba sallama, na tarar da Mabel tana tankaɗe. Ban ma gama tambaya ba ta ajiye rariya ta fara kuka.

"Maman Ƙauna, na gani. Jini yana zuba har ƙasa. Baba ya ce in yi shiru, ya ce toka za ta isa. Na ce ai babba ne, ya san abin da yake yi."

Na ce ranar da kika zo aron turmi fa?

Ta ce, "Na ɗauka kin gane."

Ban gane ba. An kawo mini maganar har gida, na ɗauke ta na je na yi wa mutumin faɗa a kan ƙafar da ba a taɓa ba, hannun yana naɗe a gabana.

Na dawo na zauna kusa da shi. Na ce, "Baba, don me? Da na je Yola. Da na je Jos. Ko Legas ce da na je."

Ya ce, "Kafin ki dawo fa? Lucy ta ce in biyu ne sai a raba. Na ji da kunnena."

Na ce ai magana ce kawai take yi.

Ya ce, "Ni ban san magana kawai ba. Ke ma da kin raba, na san ki. Rabi rabi, ba na kowa ba."

Daga nan ya ce in duba masa ko an rufe kaji.

Juma'a, 23 ga Yuni, da yamma

Lucy ta zo. Ta duba hannun, ta fita baranda ta daɗe a tsaye. Ta ce kullum yana zaune a gaban firjin nan da yarinya a cinyarsa, kullum sai ta ce ya kawo hannun, kullum sai ya ce fartanya. Ta ce mu gwada, ƙila zazzaɓin sauro ne. Mu biyun mun san karatun.

Ta ce sabbin allurai sun iso shekaranjiya. Firji ya cika.

Asabar, 24 ga Yuni, da hantsi

Na dama masa kunun gyaɗa. Ya kai kofin baki, wuyansa ya ƙulle, kofin ya faɗi. Ya dube ni ya ce, "Yi haƙuri, na ɓata miki kunu."

Na kai Ƙauna gidan Lucy. Na ce mata Kaka yana mura.

Lahadi, 25 ga Yuni, bayan azahar

An ba shi ɗakin gefe a asibiti, an rufe taga don ko iska ta taɓa shi sai ya zabura. An ba ni safar hannu. An ce ni ma za a yi mini allura tunda na taɓa kofinsa da tsummansa. Akwai ta isasshiya.

Yana jin ƙishirwa. Yana faɗa. In an kawo ruwan, ko ƙararsa a kofi ya ji, sai jikinsa ya ɗauka. Na san abin da ke faruwa ɗaki ɗaki. Na san takardar da ake rubutawa, na san wanda ke karantawa, na san bulon da ake ɗorawa. Zan iya zana shi a allo ba kuskure ko ɗaya. Na jiƙa auduga na goga masa a leɓe lokacin da allurar barci ta kama shi.

Dattawan coci sun zo, sun yi addu'a daga bakin ƙofa.

Litinin, 26 ga Yuni, da yamma

Hadari ya taso, ruwa ya sauka kan kwano. Mutum uku suka riƙe shi. Ba zan rubuta wannan ba.

Talata, 27 ga Yuni, da safe

Ya farka da hankalinsa sarai, kamar an mayar mini da shi. Muryar ta dushe. Ya tambayi doya, na ce Manga yana can yana nome ta tun jiya, ba wanda ya sa shi. Ya ce in daina ɗaure wa mutumin fuska, kare ne ya yi cizo.

Ya ce, "An gama wa Ƙauna allura?"

Na ce saura ɗaya, ta Agusta.

"Tana nan? Ba a ba wani ba?"

Na ce tana nan, Lucy ta rubuta sunanta a jikin kwalbar.

Ya ce, "Ki kai ta da kanki. Kada ki ce makaranta."

Na ce to, Baba.

Ya rufe ido, na ɗauka ya koma barci. Sai ya ce, "Maginin nan naki, har yanzu bai tambaya ba ko?" Ya yi abin da ya yi kama da dariya. Na yi ƙoƙarin in taya shi, ban iya ba, na fita na tsaya bayan ɗakin wanki.

Laraba, 28 ga Yuni

Bai gane ni ba.

Juma'a, 30 ga Yuni, da rana

Tobiya ya iso. Ba a bari an yi wa gawar Baba wanka irin na gida ba, 'yan'uwa daga ƙauye sun ji haushi, na bar Tobiya ya yi musu bayani. Na ƙone tabarma da bargon da tsumman. Kofinsa na ƙarfe na tafasa shi na ɗora saman kabad.

Laraba, 5 ga Yuli, da yamma

Mutane suna ta shigowa. Kowa da irin labarin da ya ji. Wata ta ce sammu ne daga masu gonar gefe, wani ya ce ai da an ba shi hantar karen ya ci da bai kai haka ba. Ina cewa na gode, ina zuba musu shayi.

Ƙauna ta tambaya ko murar ce. Na ce e. Zan gaya mata, ba yanzu ba.

Litinin, 17 ga Yuli, bayan an tashi

Na koma aiki. A jarrabawa na sa tambaya ɗaya kan ire-iren RNA da aikin kowane. Ba wanda ya faɗi ta, ko su na bencin baya. Hajara ta cika shafi biyu. Mataimakin shugaba ya ce lallai na iya koyarwa.

Da yamma na fito baranda da takarduna, na jawo kujera biyu kafin in tuna.

Asabar, 5 ga Agusta, da yamma

Manga ya kawo sabuwar doya daga gonar Baba, ya ajiye a bakin ƙofa. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ce wata rana. Ya sayi ɗan kwikwiyo, ya ce an yi masa rigakafi, ya nuna mini takardar ban tambaya ba.

Doyar ta yi, kamar yadda ya ce.

Laraba, 16 ga Agusta, da hantsi

Na kai Ƙauna da kaina. Ban taɓa shiga ɗakin allurar ba sai yau. Ƙarami ne, benci ɗaya, firjin kananzir a kusurwa yana ƙugi. Ita ta san komai, ita take nuna mini.

"Nan Kaka yake zama. Ni a cinyarsa. In Anti Lucy ta buɗe firji sai ya leƙa ya ƙirga kwalabena, ya ce kada a rage ko ɗaya."

Lucy ta juya mana baya, ta daɗe tana zuƙar maganin a sirinji.

Na zauna a wurin, na ɗora ta a cinya, na ɗage mata riga. Tsofaffin tabon sun kewaye cibiyar, sun fara dushewa. Ta ce, "Mama, ba haka ba. Sai kin ba ni hannu. Kaka yana ba ni nasa in matse, mai ƙyallen. Ya ce in matse iya ƙarfina, shi wannan ɗin ba ya jin zafi."

Na ce kullum?

Ta ce kullum.

Na ba ta na dama. Allurar ta shiga, ta matse. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, ban san tana da ƙarfi haka ba. Da zafi.